Ƙazuwa da amosanin zomo: yadda ake gane su da yadda ake maganinsu a gida

A ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna, kamar sauran sassan ƙasar Zazzau, kiwon zomo sana'a ce ta cikin gida wadda akasari yara da matasa da matan aure ke yi. Wasu na ajiye zomayen ne don sha'awa, wasu don nama, wasu kuma don abin da za su sayar idan buƙatar kuɗin makaranta ko hidimar Salla ta taso. Jarin kaɗan ne, abincin kuma yana kusa, domin yankin ƙasar noma ce mai yalwar harawa da ganyen dankali da dusar masara.

To sai dai akwai wata matsala da kusan duk mai kiwon zomo ke cin karo da ita ko ba daɗe ko ba jima, wato cutar fata da wasu ƙananan ƙwari ke haddasawa. Zomo zai fara susa, gashinsa ya riƙa zuba, amosani ko ɓamɓaroki ya fito masa a doro ko a kunne ko a hanci, daga bisani ya rage cin abinci ya rame. Idan aka yi sakaci, cutar kan game keji baki ɗaya.

Likitocin dabbobi na ɗaukar wannan cuta a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka fi sauƙin magani, kuma maganin ba shi da tsada. Amma sau da yawa abin da ke kashe zomon shi ne abin da aka shafa masa ko aka ɗura masa da sunan magani, kamar baƙin man mota da maganin ƙwarin gona da allurar da aka yi ba tare da awo ba. Don haka abubuwa uku ne ke gaban mai kiwo: ya gane irin ƙwaron, ya ba da maganin da ya dace bisa awo har sau uku, sannan ya tsabtace makwancin dabbar.

Zomon gida da kiwonsa a yankin

Zomon da ake kiwo a gida dabam yake da zomon dawa da mafarauta suka sani, wanda ya cika tatsuniyoyi da karin maganar Hausa. Na gida asalinsa daga yankin ƙasashen Sifen da Fotugal ne, Turawa suka yaɗa shi zuwa sassan duniya, kuma jinsunan biyu ba sa barbarar juna. Yawancin waɗanda ake gani a gidaje a arewacin Najeriya ruwa biyu ne na jinsunan ƙetare irin su New Zealand White da Chinchilla da California, kuma nauyin babba yakan kama daga kilo 2 zuwa 3, wani lokaci ya ɗara haka.

Kiwon ya sami ƙarin tagomashi a shekarun 1980, lokacin da tsadar nama ta sa hukumomi, ciki har da hukumar raya karkara ta DFRRI da aka kafa a 1986, suka riƙa kwaɗaita wa jama'a shi. Zomanya na ɗaukar ciki na kimanin kwana 31 ne kawai, tana kuma iya haihuwar 'ya'ya biyar zuwa takwas a lokaci guda, abin da ke sa kiwon saurin bunƙasa. Wannan saurin yaɗon ne kuma ke jawo cunkoso a keji, cunkoson ya buɗe wa cuta ƙofa.

Mazauna yankin Makarfi na da sa'ar maƙwabtaka da Zariya, inda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, take a Shika tun 1976, ga kuma Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na koyarwa a Samaru, inda ake duba ƙananan dabbobi.

Ƙwari iri uku

Ƙwarin da ke jawo wannan cuta 'yan'uwan kaska ne da gizo-gizo, domin babba a cikinsu ƙafa takwas gare shi. Ba sa tashi, ba sa tsalle irin na ƙuma, kuma mafi yawansu ba su kai rabin milimita ba, shi ya sa ido bai cika ganinsu ba. Iri uku ne suka fi damun zomo.

Na farko shi ne ƙwaron gashi, wanda masana ke kira Cheyletiella. Yana zaune ne a saman fata a gindin gashi, yana cin ɓawon fata da ruwan da ke tsattsafowa daga cikinta. Alamarsa ita ce farin amosani mai kama da dusa a bayan wuya da tsakanin kafaɗu da doro har zuwa gindin wutsiya, wato wuraren da bakin zomo ba ya kaiwa sosai idan yana lasar jikinsa. Gashin wurin yakan fita cikin sauƙi idan aka ja shi. A wasu lokuta idan aka ƙura ido za a ga amosanin yana ɗan motsi, saboda ƙwarin na yawo a ƙarƙashinsa. Ƙaiƙayinsa ba ya tsananta sosai, kuma zomo na iya ɗauke da shi wata da watanni ba tare da wata alama ba. Macen na manna ƙwanta a jikin silin gashi, kuma daga ƙwai zuwa babba yakan ɗauki mako uku zuwa biyar.

Na biyu shi ne ƙwaron kunne, wato Psoroptes cuniculi. Ya fi na farko girma, har mai kaifin ido na iya ganinsa kamar farin ɗigo. Yana farawa daga can cikin kunne, inda yake jawo kumburi da wani busasshen ɓamɓaroki mai launin ƙasa da ke hawa kan juna har ya cika kunnen. Zomon zai riƙa kaɗa kai yana susar kunne da ƙafar baya, kunnen da ya fi kamuwa ya langaɓe. Idan abin ya daɗe, ƙwayoyin cuta kan shiga ta raunin su kai ga kunnen ciki, sai a ga wuyan zomo ya karkace yana tangaɗi. Rayuwar wannan ƙwaro daga ƙwai zuwa babba kwana 21 ce.

Na uku shi ne ƙwaron ƙazuwa, wato Sarcoptes scabiei da wani ɗan'uwansa Notoedres. Wannan haƙa rami yake yi a cikin fata, macen ta yi ƙwai a ciki. Yana farawa ne daga wuraren da gashi bai da yawa, kamar hanci da leɓe da kewayen ido da gefen kunne da tsakanin yatsu, sannan ya bazu. Fatar takan yi kauri da fari ta tsattsage, ƙaiƙayin kuma ya hana dabbar sakat. Shi ne mafi muni a cikin ukun, domin idan ɓawon ya rufe leɓe da ido zomo ba ya iya cin abinci, sai ya ƙanjame ya mutu. A ƙasashen Turai ba a cika ganinsa a jikin zomo ba, amma a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya yana cikin manyan cututtukan da ke durƙusar da masu kiwo.

Yakan faru zomo ɗaya ya kamu da iri biyu a lokaci guda.

Yadda cutar ke shiga gida

Babbar hanyar yaɗuwa ita ce gogayyar jiki da jiki. Sabon zomo da aka sayo a kasuwar mako, ko a Makarfi ko a Ikara ko a Zariya, inda dillalai ke haɗa dabbobin gidaje daban-daban a kwando ɗaya, na iya zuwa da ƙwarin alhali fatarsa sumul take. Haka kuma aron namiji don barbara, wanda al'ada ce tsakanin yara masu kiwo, yakan kai cutar gida-gida. Uwa ma na saka wa 'ya'yanta tun suna cikin sheƙa.

Hanya ta biyu ita ce ta makwanci. Ƙwaron gashi na iya rayuwa har kimanin kwana 10 ba a jikin dabba ba, na kunne kuwa yana kai wa kusan mako uku idan wurin na da sanyi da laima. Tsohon keji na katako mai tsaguwa, da buhun da aka shimfiɗa, da akwatin haihuwa, da ɗakin ƙasa da ake sake zomaye a ciki suna haƙa ramuka, duk maɓoya ce. Damina, daga watan Mayu zuwa Oktoba, kan tsawaita rayuwar ƙwarin saboda danshi. Lokacin hunturu kuma zomaye kan matsu da juna don jin ɗumi, ga ƙarancin ɗanyen ganye da ke raunana jikinsu.

Lafiyayyen zomo yana yawan lasar jikinsa, ta haka yake rage ƙwarin gashi da kansa. Saboda haka idan amosani ya mamaye zomo ɗaya tak a cikin garke, ya kamata a binciki abin da ya hana shi lasa. Yana iya zama haƙoransa ne suka yi tsawo suka karkace, ko ƙiba ta yi masa yawa, ko tsufa, ko wata cuta ta ciki. Idan ba a gyara wannan ba, ƙwarin kan dawo bayan magani.

Abubuwan da ke kama da ita

Ba duk zubar gashi ce ƙazuwa ba. Zomanya da ta kusa haihuwa takan tsige gashin ƙirjinta da na cikinta don yin sheƙa, wannan ɗabi'a ce. Zomaye kan sauya gashi lokaci-lokaci, amma fatar da ke ƙasa takan kasance lafiya lau, babu amosani babu ja. A keji mai cunkoso kuma, ko inda abinci bai da isasshen harawa, wani zomon kan gaigaye gashin ɗan'uwansa.

Akwai kuma makero, wanda ba ƙwaro ke kawo shi ba, wani nau'in naman gwari ne na fata. Yana fitowa a zagaye kamar kwabo, galibi a fuska da ƙafafun gaba na ƙananan zomaye, yana kama yara, kuma maganin ƙwari ba ya yi masa komai. Sai kuma wata cuta da ake ɗauka wajen barbara, wadda ke sa ɓawo a hanci da leɓe da al'aura, ita ma maganinta dabam ne, likita ne ke ba da shi.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a gida. A tsayar da zomon a kan baƙin ƙyalle ko baƙar leda, a taje wurin da amosanin yake da ƙaramin mataji, sannan a duba abin da ya zubo cikin haske mai kyau, in da hali da gilashin ƙara girma. Idan aka ga wasu fararen ɗigo-ɗigo na motsi, to ƙwaron gashi ne. Rashin ganinsu ba ya nufin babu su. A asibitin dabbobi ana manna salatif a kan fatar, ko a ɗan kankare ta da reza, a duba a ƙarƙashin madubin likita, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci. Ƙwaron ƙazuwa, da yake a cikin fata yake, ta hanyar kankarewar kaɗai ake samunsa.

Maganin da aka fi dogara da shi

Maganin da likitocin dabbobi suka fi amfani da shi a kan dukkan ƙwarin uku shi ne ivermectin. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa da masanin Japan Satoshi Omura ya gano a shekarun 1970, William Campbell na kamfanin Merck a Amurka ya jagoranci gano amfaninta. An fara sayar da shi don dabbobi a 1981, kuma tun daga 1987 ake raba shi kyauta da sunan Mectizan don yaƙi da cutar makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, wadda jihar Kaduna na cikin wuraren da aka shafe shekaru ana rabon a baya. Mutanen biyu sun sami kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2015.

Wanda ake samu a shagunan magungunan dabbobi ruwa ne na allura da aka yi domin shanu da tumaki, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wato miligiram 10 a kowace mililita. A nan haɗarin yake. Mililita ɗaya awon dabba mai kilo 50 ce. Zomo kuwa yana buƙatar miligiram 0.2 zuwa 0.4 ne a kan kowane kilo na nauyinsa. Ga yadda lissafin yake:

Zomo mai kilo 1: mililita 0.02 zuwa 0.04.
Zomo mai kilo 2: mililita 0.04 zuwa 0.08.
Zomo mai kilo 3: mililita 0.06 zuwa 0.12.

Wannan adadi bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba. Wanda ya zuƙi mililita guda ya yi wa zomo mai kilo 2, ya ba shi fiye da ninki 12 na iyakar abin da ya kamata. Haka nan ƙwayar Mectizan ta mutane miligiram 3 ce, kusan ninki huɗu ke nan na buƙatar irin wannan zomo, don haka kada a jiƙa ta a ba shi. Alamomin yawan magani sun haɗa da karkarwa da tangaɗi da kasala da ƙin abinci.

Babban sirinji na shanu ba zai iya auna wannan ba. Ana amfani ne da ƙaramin sirinji na mililita ɗaya wanda aka raba gida 100, ta yadda mililita 0.08 za ta zama layi takwas. A fara auna zomon tukuna, ta hanyar saka shi a jaka ko kwando a ɗora a sikeli, a cire nauyin kwandon. Ana yin allurar ne a ƙarƙashin fata, a bayan wuya tsakanin kafaɗu, inda fatar ke ɗagowa idan aka kama ta. Ya fi kyau malamin dabbobi ya yi ta farko, ya nuna wa mai kiwon yadda ake yi. A kuma karanta jikin kwalbar, domin akwai nau'in da ya fi wannan ƙarfi, akwai wanda aka haɗa da maganin tsutsar hanta, akwai kuma na zubawa a doron shanu, duk lissafin da ke sama bai shafe su ba. Maganin ba ya narkewa sosai a ruwa, saboda haka kada a sirka shi da ruwa da nufin rage ƙarfinsa.

Allura ɗaya ba ta wadatarwa, saboda maganin ba ya kashe ƙwai. Bayan kwanaki ƙwan za su ƙyanƙyashe cutar ta dawo, mai kiwo ya ce maganin jabu ne. Ƙa'idar ita ce a yi sau uku, da tazarar kwana 10 zuwa 14 tsakanin kowace allura, ko da zomon ya ga alamar warkewa tun bayan ta farko. Kazalika a yi wa duk zomayen da suka zauna tare da mara lafiyar, har waɗanda ba su nuna alama ba. Zomanya mai ciki da 'ya'yan da ba su kai wata guda ba, a bar wa likita hukuncinsu.

Akwai kuma wani magani mai suna selamectin da ake ɗigawa a fatar bayan wuya, wanda likitoci a Turai da Amurka ke yawan amfani da shi ga zomayen sha'awa. Yana da sauƙin bayarwa, sai dai ya fi tsada, kuma a manyan birane aka fi samunsa.

Kulawar da ta rage wa mai gida

Kada a ɓamɓare ɓawon da ke cikin kunne. Fatar da ke ƙarƙashinsa ɗanyen rauni ce, cire shi da ƙarfi na jawo zafi mai tsanani da zubar jini. Bayan allura yakan bushe ya faɗo da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ana iya ɗiga ɗigo biyu ko uku na tsabtataccen man gyaɗa ko man zaitun don tausasa shi. Tsohuwar dabarar zuba mai a kunne tana shaƙe ƙwarin da man ya taɓa, amma ba ta kashe ƙwai, ba ta kai wa waɗanda suka bazu zuwa wuya da jiki, kuma sai an yi makonni ana maimaitawa. Idan wuyan ya riga ya karkace, kada a zuba komai a kunnen.

Man kaɗanya na tausasa fatar da ta tsattsage a hanci da yatsu. Game da man darbejiya, gwaje-gwajen da masu bincike suka yi a ƙasar Sin sun nuna yana kashe ƙwaron ƙazuwar zomo a ɗakin gwaji, to amma ƙarfin wanda ake haɗawa a gida ba ɗaya ba ne, zomo kuma yana lashe duk abin da aka shafa masa. Taimako ne kawai, ba ya maye gurbin allurar.

Ba a yi wa zomo wanka. Tsoma shi a ruwa na firgita shi ƙwarai, gashinsa ba ya saurin bushewa, a lokacin hunturu kuwa sanyi na iya kashe shi. Kada kuma a ɗauke shi da kunnuwa. A kama fatar bayan wuya da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya tallafi gindinsa, domin idan ya yi harbi a iska ƙashin bayansa na iya karyewa.

A duk ranar da aka yi allura, a kwashe shimfiɗa da ragowar harawa da gashin da ya zube a ƙone su. A wanke keji da kwanukan abinci da ruwan zafi da sabulu, a shanya su a rana tsawon yini. Kejin waya ana iya bin sa da harshen wuta idan babu dabba a ciki. Na katako da ɗakin ƙasa kuwa, abin da ya fi shi ne a mayar da zomayen wani wuri a bar shi fayau har mako huɗu, ƙwarin da suka rage za su mutu da yunwa. A wannan lokaci a inganta abinci da harawar gyaɗa ko ta wake da ɗanyen ganye da dusa, da ruwa mai tsabta a kullum.

Abubuwan da ke kashe zomo

Hausawa na cewa garin gyaran gira akan rasa ido. Shafa baƙin man mota da aka juye daga inji, wanda wasu ke yi wa awaki da karnuka, guba ne ga zomo, domin yana ɗauke da sinadarai masu cutarwa da ke shiga ta fata da ta baki. Kananzir da man gas na ƙona fata.

Maganin ƙwarin gona da na sauro, irin su ota-fiya-fiya da Sniper, waɗanda sinadarin dichlorvos ke cikinsu, na iya kashe zomo cikin sa'o'i, suna kuma da haɗari ga yaron da ya shafa. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irinsu a kasuwanni saboda yadda ake amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. A yankin da kusan kowane gida ke da injin feshi saboda noman rake da tumatir da masara, a kula kada a wanke keji da bokitin da aka dama maganin feshi, kada kuma a yanko ciyawa daga gonar da aka fesa.

Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fipronil, wanda aka fi sani da sunan Frontline, yana sa zomo farfaɗiya da ƙin abinci har ya mutu, wani lokaci bayan kwanaki da shafawa. Kamfanin da ke yin sa ma ya rubuta gargaɗin kada a yi amfani da shi a kan zomo.

Sai kuma kafso. Da yawa idan sun ga rauni sukan buɗe ampicillin ko amoxicillin ko Ampiclox su zuba a ruwan sha. Cikin zomo ya dogara ne da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narkar masa da ciyawa. Waɗannan magunguna, da lincomycin da clindamycin, idan aka ba shi ta baki suna kashe masu amfanin, masu guba su yi yawa, gudawa ta kashe shi. Zomo kuma ba ya iya amai, duk abin da ya haɗiya ya zauna ke nan.

Mutanen gida da batun yanka

Ƙwaron gashi da na ƙazuwa na iya hawa jikin mutum, musamman yaran da ke rungumar zomo. Sukan jawo jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ƙirji da ciki. Ba sa daɗewa a jikin ɗan Adam, ƙurajen kan baje da kansu cikin 'yan makonni da zarar an yi wa dabbar magani. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa zomo, a wanke tufafin a shanya a rana. Idan ƙaiƙayin ya ƙi tafiya, ko ya game mutanen gida yana tsananta da dare a tsakanin yatsu, to a je asibiti, domin yana iya zama ƙazuwar mutane ce.

Ivermectin na daɗewa a cikin nama da hanta da kitse. A Amurka doka ta ce a jira kwana 35 bayan allura kafin a yanka saniya, a Birtaniya kwana 49. Mai zomo ya bi irin wannan tazara, yana ƙidayawa daga allura ta ƙarshe, ko ya bi abin da likita ya faɗa masa, kuma kada ya kai kasuwa a sayar wa wanda zai yanka bai sani ba. Ragowar maganin kada a zubar a rafi ko kududdufi, saboda yana kashe kifi. A ajiye kwalbar a inuwa, inda yara ba za su kai ba.

Lokacin neman likita da rigakafi

A gaggauta kai zomo wurin likita idan ya yini bai ci komai ba ko bai yi kashi ba, ko wuyansa ya karkace, ko kunnen na fitar da mugunya, ko ƙuda ya yi tsutsa a raunin, ko kuma babu sauƙi bayan allura ta biyu. Akwai ma'aikatan dabbobi a sassan aikin gona na ƙananan hukumomi, ga kuma asibitin koyarwa na Samaru ga wanda abin ya fi ƙarfinsa.

Duk sabon zomo, da wanda ya dawo daga aro, a ware shi kwana 30 a wani keji, a riƙa ba shi abinci bayan an gama da sauran. Wannan mataki na da wani amfanin, domin a 2020 an tabbatar da ɓullar wata annobar zubar jini ta zomaye a Najeriya, wadda aka ba da rahotonta daga jihar Kwara, tana kashe su farat ɗaya, kuma ba ta da magani. Sau ɗaya a mako a leƙa cikin kunnen kowane zomo, a hura gashin doronsa a ga fatar, a duba hanci da yatsu. Cutar da aka gano a makon farko allura uku da ruwan zafi ke gamawa da ita, kuma gashin kan fara tsirowa tun kafin a yi ta ƙarshe.